Shekarar 1250 a Masar: me ya sa sarauta ta yi ta sauya hannu haka?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum, malamai. Shekarar 1250, wato 648 bayan hijira, ta ɗaure min kai. A Afrilu sojojin Masar suka kama Sarkin Faransa Luwis na 9, wanda ya kawo wa ƙasar yaƙi, a garin Fariskur. Ko wata guda ba a cika ba, ranar 2 ga Mayu, sai ga sojojin nan sun kashe sarkinsu Turanshah. Wa ke kashe sarki bayan irin wannan nasara? Sannan Shajaratud Durr, matar mahaifinsa da suka naɗa a madadinsa, me ya sa kwana 80 kacal ta yi?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, 'yata. Nasarar ai ba ta Turanshah ba ce. Mahaifinsa Salihu Ayyub ya rasu a Nuwamban 1249 ana tsakiyar yaƙi. Matarsa Shajaratud Durr ta ɓoye rasuwar, aka ci gaba da fitar da umarni da sunansa don kada zuciyar runduna ta karaya. Mamalik, bayin yaƙin da marigayin ya saya ya horar, su suka karya Faransawa a Mansura tun kafin Turanshah ya ƙaraso daga garin Hisn Kaifa, a ƙasar Turkiyya ta yanzu. Da ya zo, maimakon ya riƙe su hannu bibbiyu, sai ya raba wa yaransa muƙamai, yana yi wa manyan mahaifinsa barazana, ya kuma matsa wa matar uban nasa ta kawo dukiya. Suka ga in ba su riga shi ba, shi zai riga su. Da suka far masa, ya gudu cikin wata hasumiyar katako, suka cinna mata wuta, suka ƙarasa shi a bakin kogin Nilu.

Mai Nazari:
Batun kwana 80 kuwa, Halifa Musta'asim na Bagadaza ne ya ƙi yarda mace ta yi mulki, duk da an yi huɗuba da sunanta, an buga kuɗi da shi. Dole ta auri Aibak, ɗaya daga cikin manyan Mamalik, ta bar masa gadon.

Tsohon Malami:
Haka ne, ɗana, amma ni a ganina Sham ta fi tayar musu da hankali. A Yuli, Nasiru Yusuf na Halab, jinin Salahuddin na gidan Ayyub mai sarautar Masar, ya shiga Dimashƙa, idonsa na kan Alƙahira. Shi ya sa ko Aibak ɗin ba su bar shi shi kaɗai ba, sai da suka ɗauko wani yaro ɗan gidan Ayyub, Ashraf Musa, suka zaunar kusa da shi don a ce sarauta ba ta bar gida ba.

Ɗalibar Tarihi:
Allah ya saka da alheri, Baba. Abin da ke min ciwo shi ne matar da ta riƙe ƙasa a lokacin da ake tsoron ta kuɓuce, ita aka fara turewa gefe. Shin bayan auren ta ci gaba da juya al'amura har kisan Aibak a 1257, ko daga nan hannunta ya fita?