Otto Mears: ta yaya maraya baƙo ya shimfiɗa layin dogo a kan duwatsun Kolorado har ya shiga siyasa?

Sani_Funtua:
Assalamu alaikum. Ina neman bayani kan Otto Mears, wanda aka haifa a 1840 a daular Rasha, ya iso Amurka yana yaro maraya. Shin siyasa ce ta ba shi damar gina layin dogo, ko layin dogon ne ya kai shi siyasa? Kuma me ya kayar da kamfaninsa?

Injiniya_Bello:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Da hanyar keken doki ya fara, ba da jirgi ba. Bayan ya yi aikin soja lokacin yaƙin basasar Amurka, ya zauna a kudancin Kolorado yana noman alkama da kasuwanci, sai ya fasa hanya ta mashigin Poncha don kai kayansa sansanonin masu haƙar ma'adinai, ya kafa shinge yana karɓar kuɗin wucewa. Daga nan ya yi ta ƙara hanyoyi. Wadda ya sassaƙa a jikin dutse kudu da garin Ouray ita ce tushen titin da ake kira Million Dollar Highway yau.

Layinsa na farko, Silverton Railroad, an fara shi a 1887. Faɗin tsakanin ƙarafan ƙafa 3 ne, wato milimita 914, bai kai na tsohon layin Legas zuwa Kano mai milimita 1,067 ba. Siririn layi yana shan kwana mai tsanani, kuma ba sai an fasa dutse da faɗi ba, don haka ya fi arha. Amma hawan ya kai kashi 5 cikin 100: kowace mita 100 jirgi ya hau mita 5. A irin wannan hawa kan jirgi ba ya jan taragu sai 'yan kaɗan, a gangara kuwa birki ne ke shan wuya. A kwarin Corkscrew wurin ya matse har babu filin yin kwana, sai injiniyansa Charles Gibbs ya dasa faifan juya kan jirgi a bisa babban layin kansa, aka yi masa rumfa saboda dusar ƙanƙara. A cire kan jirgi, a juya shi, a saki taragu su gangaro da nauyinsu ana riƙe da birki, sannan a sake ɗaurawa. Duk da wannan dabara layin bai taɓa isa Ouray ba, kwazazzabon kogin Uncompahgre ya fi ƙarfinsa.

Shi ya sa ya gina Rio Grande Southern, mil 162 daga Durango zuwa Ridgway, zagaye ta bayan duwatsun, aka gama a ƙarshen 1891.

Hajiya_Rabi_Tarihi:
Injiniya ya yi bayanin ƙarfe, bari in taɓa siyasar, don ita ce ta riga jirgin. A 1876, shekarar da Kolorado ta zama jiha, Mears na cikin wakilai 3 da suka jefa ƙuri'ar jihar ga Rutherford Hayes a zaɓen shugaban ƙasa, zaɓen da aka ci da ƙuri'ar wakilai 185 da 184. A farkon shekarun 1880 ya shiga majalisar dokokin jiha a jam'iyyar Republican. Bai daɗe a kujerar ba, ƙarfinsa na bayan fage ne. Ya shafe shekaru a hukumar kula da ginin majalisar jiha a Denver, kuma ana danganta masa shawarar lulluɓe kubbar ginin da zinariya.

Abin da bai kamata a tsallake ba shi ne ƙasar da ya gina a kai ta ƙabilar Ute ce, 'yan asalin yankin. Yana jin harshensu, yana da kusanci da shugabansu Ouray, kuma da hannunsa a yarjejeniyar Brunot ta 1873 da ta karɓe musu duwatsun San Juan. Bayan rikicin Meeker na 1879, inda 'yan Ute suka kashe jami'in gwamnati Nathan Meeker, aka sa shi a kwamitin gwamnati, ya riƙa ba kowane ɗan Ute dala 2 don ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya. An zarge shi da ba da cin hanci, gwamnati ta wanke shi. A 1881 sojoji suka tasa ƙeyar 'yan Ute na wannan yanki zuwa Utah. A ganina duk wanda zai yabi hanyoyinsa dole ya ambaci wannan tare da su.

Musa_Zinder:
Game da faɗuwar, dalilin azurfa ne. Kusan duk kayan da layukansa ke ɗauka na mahaƙar azurfa ne: tama ta fita, kwal da katako da abinci su shiga. Dokar Sherman ta 1890 ta wajabta wa gwamnati sayen azurfa kowane wata. A 1893 aka soke ta, farashi ya faɗi, mahaƙai suka rufe. Kuɗin shiga ya tsaya amma kuɗin ruwan bashi bai tsaya ba, ga gadojin katako masu yawa irin na Ophir da ke bukatar gyara kullum, ga kwashe ƙanƙara a mashigin Lizard Head mai tsawon mita sama da 3,000. Kotu ta miƙa Rio Grande Southern ga Edward Jeffery, shugaban kamfanin Denver and Rio Grande, shekara biyu kacal da kammalawa. Ƙananan layukan Silverton sun ci gaba da zama a hannun Mears. Ya rasu a Pasadena a 1931, layin Rio Grande Southern kuma ya yi ta jan ƙafa har farkon shekarun 1950 kafin a cire ƙarafansa.