Neman shawara: in sayar da labarina, ko in dage kamar yadda Sylvester Stallone ya dage a kan Rocky?

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar manyanmu da duk wanda ya san harkar rubutun fim. Na rubuta wani labari da na daɗe ina gyarawa, wani furodusa ya karanta ya ce yana so ya saya, amma da sharaɗin cewa wani sanannen jarumi ne zai hau matsayin da na rubuta domin kaina, ni kuma a sa sunana a matsayin marubuci, a biya ni, mu rabu. Kuɗin da ya yi tayi ba kaɗan ba ne a wurina, domin ina da iyali. Abin da ya hana ni amsawa shi ne tarihin Sylvester Stallone, wanda da yawanmu muka fara sani da sunan Rambo. Na ji cewa a 1975 ba shi da ko sisi, ya rubuta labarin wani ɗan dambe mai suna Rocky, aka yi masa tayin maƙudan daloli domin a bai wa wani jarumi, ya ƙi, har aka haƙura aka bar shi ya fito. Ina roƙon waɗanda suka san rayuwar mutumin nan da kyau su faɗa mini ko abin da ya yi hanya ce da za a iya bi, ko kuwa rabo ne kawai ya rantse.

Amsar wani dattijo, tsohon marubucin fim

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka ji gaskiya ne, amma an yanke masa kai, kuma kan ne ya fi amfani a wurinka. An haifi Stallone ranar 6 ga Yuli, 1946, a unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York. Wajen haihuwarsa an yi amfani da ƙarfen da ake jawo jariri da shi, ƙarfen ya lalata wata jijiya a fuskarsa, shi ya sa gefen hagu na leɓensa ya saki kuma maganarsa take fita da nauyi har yau. Ya yi karatu a wata kwaleji a Suwizalan, sannan ya karanci wasan kwaikwayo a Jami'ar Miami, ya koma New York yana bin wuraren tantance 'yan wasa, a wasu lokutan ma, kamar yadda shi da kansa yake faɗa, a tashar mota yake kwana.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne, kafin Rocky mutumin ya riga ya shafe shekaru a gaban kyamara. Ya fito a matsayin ɗan daba a cikin jirgin ƙasa a fim ɗin Bananas na 1971, ya sami babban matsayi a The Lords of Flatbush na 1974, inda har aka sa sunansa a matsayin wanda ya ƙara wasu maganganu a rubutun, ya kuma fito a Death Race 2000 a 1975. Haka nan ya rubuta wasu labaran da ba su je ko'ina ba a lokacin. Saboda haka ranar da ya zauna da furodusoshi Irwin Winkler da Robert Chartoff ya ce shi zai fito, akwai fim da za a kunna a ga aikinsa. Ban rena ka ba, amma tambayar da zan yi maka ke nan: idan furodusanka ya ce ka nuna masa inda ka taɓa riƙe matsayi mai nauyi, me za ka kunna masa?

Dagewar kuma ba a kyauta ta zo ba. Kamfanin United Artists ya so a sa sanannen jarumi irin su Ryan O'Neal ko Burt Reynolds, da ya ga ba za a sa ba sai ya matse kasafin kuɗin zuwa wajen dala miliyan 1, furodusoshin biyu kuma suka ɗauki alkawarin biyan duk abin da ya haura daga aljihunsu. An ɗauki fim ɗin cikin kwana 28. Wato ba Stallone kaɗai ya yi kasada ba, akwai mutum biyu masu kuɗi da suka yarda su yi asara tare da shi, kuma da babu su da dagewarsa ba ta haifar da komai ba.

Amsar wata malama mai nazarin kasuwancin fim

Na gode wa Baba da wannan bayani, amma ni ina ganin akwai ɓangaren da ya fi kowane muhimmanci, wanda masu ba da labarin domin ƙarfafa gwiwa ba sa kaiwa gare shi. Rocky ya fito a ƙarshen 1976, ya fi kowane fim samun kuɗi a wannan shekarar a Amurka, ya tara kusan dala miliyan 225 a duniya. An sa shi takara sau 10 a lambar yabo ta Oscar, ya ci 3, ciki har da ta fim mafi kyau da ta darakta, John G. Avildsen. Stallone kansa an sa shi a takarar jarumi da ta marubuci a lokaci guda, abin da kafin shi Charlie Chaplin da Orson Welles kaɗai suka taɓa samu a fim ɗaya, kodayake bai ci ko ɗaya ba.

Duk da wannan, ɗan'uwa, mutumin da ya ƙirƙiri Rocky ba shi ne mai Rocky ba. An biya shi ladan rubutu da na fitowa, an ba shi wani kaso na riba, amma haƙƙin mallakar labarin da sunan ya tafi hannun furodusoshi da kamfani. A 2019 ya faɗa wa mujallar Variety ƙarara cewa ba shi da ko ɗigon mallaka a ciki, kuma abin yana masa ciwo. A 2022, yana da shekara 76, ya fito a Instagram yana caccakar Winkler a kan wannan magana, musamman da aka ji ana shirin yin wani fim a kan Drago, ɗan damben Rashan da shi ne ya ƙirƙire shi a Rocky IV, ba tare da an tuntuɓe shi ba. A Creed III na 2023, ɗaya daga cikin finafinan da suka ci gaba da labarin Rocky, bai fito ba sam. Halinsa ya zama kamar na manomin da ya sare daji ya mai da shi gona, ya shekara arba'in yana noma, amma takardar filin tana aljihun wani.

Don haka ni ban damu sosai da wanda zai fito a fim ɗinka ba. Na fi damuwa da kalmar da ka faɗa, cewa a biya ka ku rabu. Idan labarin ya karɓu aka so a yi kashi na biyu, ko a mai da shi mai dogon zango a YouTube ko a talabijin, wa zai rubuta, kuma wa zai ci moriya? Stallone yana ɗan shekara 29 ya yi faɗa a kan abin da idonsa yake gani, wato fitowa, ya bar abin da bai gani ba, kuma shi ne ya dame shi da ya tsufa.

Amsar wani matashin darakta

Da girmamawa ga Malama, ina ganin an ɗan rage wa fitowar daraja. Ba domin ya fito ba, da yau ba ma zancensa, kuma da ba shi da ƙarfin da ya sa aka ba shi Rocky II ya rubuta ya kuma ba da umarni a 1979. Wannan ƙarfin ne ya sa a First Blood na 1982, wanda aka ɗauko daga littafin David Morrell, ya shiga cikin marubutan ya sassauta halin Rambo, har aka bar shi da rai a ƙarshen fim ɗin alhali a littafin mutuwa ya yi.

Sannan ku duba abin da kasancewar marubuci a wurin ɗauka ya amfanar. Wurin da Rocky ya fita da budurwarsa Adrian karo na farko an tsara shi ne a filin zamiya kan ƙanƙara cike da jama'a, sai aka rasa kuɗin tara mutane. Aka sauya shi ya zama bayan an rufe filin, Rocky ya lallaɓi mai gadi da 'yan daloli ya ba su mintuna kaɗan, ita tana zamiya cikin ɗari-ɗari, shi kuma yana sassarfa a gefenta da takalminsa yana ta zuba mata surutu domin ɓoye kunyarsa. Talauci ne ya haifar da wannan fitowa, amma ta fi wadda aka tsara tun farko. Haka babban hoton da aka rataye a zauren dambe ya zo da launin wando ba daidai ba, babu kuɗin sakewa, sai aka sa Rocky ya yi ƙorafi a kai a cikin fim ɗin. Mahaifinsa ne ya buga ƙararrawar turmi, ƙanensa Frank yana cikin mawaƙan bakin titi, karensa Butkus ma ya fito.

Inda na yarda da Baba shi ne, matsayin ya dace da jikinsa. Maganar nan mai nauyi da ta sa ake korarsa a wuraren tantancewa ita ce ta sa aka yarda cewa wannan ɗan damben Filadelfiya ne da ya sha naushi. Amma bayan nasarar, da ya ɗauko tsohon rubutunsa Paradise Alley a 1978, ya rubuta, ya ba da umarni, ya fito, fim ɗin bai yi kasuwa ba kuma masu sharhi ba su yaba ba. Saboda haka ka tambayi kanka da gaskiya, yayana, ko matsayin nan yana buƙatar fuskarka da muryarka ne, ko kai ne kake buƙatarsa.

Amsar wani lauya

Zan ƙara abu biyu a taƙaice. Na farko, tushen labarin. Ranar 24 ga Maris, 1975, Muhammad Ali ya kara da Chuck Wepner a jihar Ohio, ba wanda ya zaci Wepner zai yi nisa, sai ga shi ya kai turmi na 15, har Ali ya faɗi a turmi na 9, kafin a tsayar da wasan saura daƙiƙa 19. Bayan wannan karawar Stallone ya zauna ya rubuta daftarin farko cikin kwana uku da rabi a faɗarsa, sannan aka yi ta gyara. A 2003 Wepner ya kai shi kotu yana cewa an yi ta amfani da sunansa wajen tallata finafinan ba a biya shi ba, aka sasanta a wajen kotu a 2006. Idan labarinka ya jingina da rayuwar wani mutum da za a iya ganewa, ka nemi izininsa a rubuce tun yanzu.

Na biyu, idan a Najeriya kake, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ka, amma takardar da ka sa wa hannu ita za ta yi hukunci a kanka. Kana iya ba da izinin yin fim ɗaya kawai, ka riƙe haƙƙin ci gaban labarin da sunayen mutanen cikinsa, ka sa wa'adin da idan ba a yi fim ɗin ba labarin zai dawo hannunka. Ka kuma yi rajistar rubutun a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa kafin ka ƙara miƙa wa kowa.

Mai tambaya

Allah ya saka wa kowa da alheri. Game da tambayar Baba, ƙananan matsayi kawai na taɓa riƙewa, babu wanda zan nuna in ce ga nauyin da na ɗauka. Abin da nake tunani yanzu shi ne in koma wa furodusan da tayi biyu: a gwada ni a manyan fitowa na labarin a gaban kyamara kafin a yanke hukunci, idan ban gamsar ba a ba ni matsayi na biyu, sannan haƙƙin ci gaban labarin ya zauna a hannuna ko da kuɗin zai ragu. Shin Baba yana ganin neman gwajin ba zai sa furodusan ya janye gaba ɗaya ba?

Amsar dattijon

Ba na jin zai janye, ƙanena, domin gwaji bai ci masa komai ba face yini guda, kuma furodusan da ya yi tayin kuɗi a kan labari ya riga ya nuna yana son sa. Sai dai ka shirya gwajin da kanka kafin ka je. Ka sami abokin da yake da kyamara, ka zaɓi fitowa biyu, ɗaya ta fushi ɗaya ta shiru, ka ɗauka, ka nuna wa mutanen da ba sa jin nauyinka, ka ji abin da za su ce. Matsayi na biyu kuma kada ka ɗauke shi a matsayin faɗuwa. A Creed na 2015, wanda Ryan Coogler ya kawo tunaninsa ya kuma ba da umarni, Stallone ya bar wa Michael B. Jordan gaba, shi ya tsaya a matsayin tsohon mai horarwa da ke fama da ciwon daji, kuma a nan ne ya ci lambar Golden Globe aka sake sa shi takarar Oscar bayan shekara 39. Maganar haƙƙin ci gaba kuwa, kada ka tattauna ta da baki a ofis. Ka bar lauya ya rubuta sharaɗin, ka tura wa furodusan takardar kafin ranar zamanku domin ya karanta a tsanake.