Lauya ya ce zai ba ni fam 400 in na sa hannu, in karɓa?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Aikin kula da tsofaffi nake yi a Birmingham, wata biyu da suka wuce na zame a banɗakin wata tsohuwa, an goge ƙasa ba a sa alama ba, na faɗi a kan hannuna na dama wuyan hannun ya karye, har yanzu ko tukunya ba na iya saukewa sai yarinyata ta kama min. Kuɗin jinyar da ake ba ni ko haya ba ya biya. To shekaranjiya wani ya kira ni a waya, ban san inda ya samu lambata ba, ya ce shi daga ofishin lauyoyi yake, in na yarda suka shigar min da ƙarar neman diyya za su tura min fam 400 ranar da na sa hannu, kuma wai tayin zuwa Juma'a ne kawai. Wallahi ina cikin matsi, ga bizata a hannun masu aikin take. In karɓa ne ko akwai wani abu a ƙasa?

Kawu direban tasi, Bradford: Wa alaikumus salam 'yata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kar ki sa hannu tukuna. Na daɗe ina tuƙi a ƙasar nan, akwai lokacin da ko madubin mota aka goge maka sai waya ta dame ka, wannan ya ce zai ba ka kuɗi, wancan ya ce iPad. Yanzu an hana. Wanda ya sa miki wa'adin Juma'a so yake kar ki samu lokacin tambaya.

Bakatsine a Leeds: Ni dai ban ga matsala ba gaskiya. Ta ji ciwo da gaske, ba ƙarya za ta yi ba, ga haya a kanta, in an hana ai su aka hana ba ita ba. Ki karɓa Anti ki rage zafi.

Ɗalibar lauya, Manchester: Bakatsine akwai gaskiya a rabin maganarka, amma bari in warware. Dokar da ake magana ita ce Criminal Justice and Courts Act ta 2015, sashe na 58, tana aiki a Ingila da Wales. Ta hana lauya ya yi wa mutum tayin kuɗi ko wata kyauta don ya ja shi ya shigar da ƙarar rauni ko ta rasa rai, kuma ko ta hannun wani ya biyo da tayin dokar ta kama shi. Kafin ita, tun Afrilun 2013 an hana lauyoyi biyan kuɗi ga wanda ya kawo musu masu irin wannan ƙarar. Ita Anti ba ta yi laifi ba in ta karɓa, shi ma ba ɗaure shi ake yi ba, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi ce, SRA, take hukunta shi, da tara ko abin da ya fi tara. Abin da aka yarda da shi shi ne sauƙin da ya shafi aikin shari'ar kansa, kamar a rage miki kuɗin aiki ko su ɗauki nauyin kuɗin rahoton likita.

Abin da ya fi damuna ma kiran da ya yi miki. Lauya a nan ba shi da izinin ya kira wanda bai neme shi ba yana tallan aikinsa. Ko dai lauya ne da ya karya ƙa'ida biyu a kira ɗaya, ko kuma irin kamfanonin nan ne masu tattara ƙararraki, su FCA, hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi, ce ke kula da su tun 2019, su ma an hana su irin wannan tayin. Wa za ki miƙa wa takardun asibitinki da fasfo ɗinki a haka? Kuma batun Juma'a ba gaskiya ba ne, shekara 3 doka ta ba ki daga ranar da kika faɗi.

Maman biyu, Luton: 'Yar uwa ni ya faru da ni, shi ya sa na kasa yin shiru. Mota ce ta buge ni a mashigar masu tafiya a ƙasa, ina kwance a gida aka kira ni, ba su ce kyauta ba, cewa suka yi "somin-taɓi" ne za su ba ni kafin diyya ta fito. Na sa hannu a waya da yatsa, takarda shafi kusan ashirin ban karanta ba. Da kuɗin suka fito sai da aka cire somin-taɓin, aka cire kasonsu, aka cire kuɗin wata inshora da ban san na saya ba. Kuma tun gwiwata ba ta warke ba suke matsa min in karɓi tayin farko don su rufe fayil, na karɓa, bayan wata shida likita ya ce sai an yi aiki, ga shi magana ta riga ta mutu ba a sake buɗe ta. Har yau in zan yi sujada sai na nemi kujera.

Wani bawan Allah: Ki bar wa Allah kawai, ƙaddara ce, kai mai gidanki ƙara a ƙasar mutane ba daɗi.

Kawu direban tasi, Bradford: Malam ai diyyar rauni ba baƙuwa ba ce a addininmu, haƙƙinta ne. Kuma ba daga aljihun manaja za ta fito ba, doka ta tilasta wa kusan duk mai ɗaukar ma'aikata a nan ya yi inshorar irin wannan, aƙalla ta fam miliyan 5. Abu ɗaya zan ja kunnenki 'yata, kar ki bari kowa ya ce ki ƙara gishiri a ciwon. In kotu ta gano an yi ƙarya a gundarin magana, duka ƙarar take korarwa har da ɓangaren gaskiyar, kuma masu raba kyautar nan su ne suka fi koya wa mutane haka.

Ɗalibar lauya, Manchester: Haka ne Kawu. Anti ki nemi sunan ofishin ki duba a rajistar SRA, kyauta ce a intanet, in suna ciki ki kai wa SRA rahoton tayin. Duk lauyan da za ki ɗauka ki tambaye shi nawa zai cire in an ci, a tsarin "in ba a ci ba babu biya" kason nasararsu ba ya wuce kashi 25 cikin 100 na diyyar raɗaɗi da asarar da kika riga kika yi, ya rubuta miki a takarda. In matsin kuɗi ne, akwai hanya mai kyau, idan inshorar masu aikin ta amsa laifi lauyanki zai iya neman a fara ba ki wani ɓangare na diyyar kafin a gama. Batun biza kuma ba zan ce miki babu abin tsoro ba, ki fara zama da Citizens Advice, masu ba jama'a shawara kyauta, ko Acas, masu ba da shawara kan matsalolin wurin aiki, in kina cikin ƙungiyar ƙwadago irin UNISON ki kira su don suna da lauyoyinsu. Ki tabbatar kuma an rubuta faɗuwar a littafin haɗurra na wurin aikin.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman biyu Allah ya ba ki lafiya, maganarki ta tsaya min a rai. Ɗazu ya sake kira, na ce ya faɗa min sunan ofishin da lambarsu ta SRA, sai ya ce zai turo ta saƙo, har yanzu shiru. Littafin haɗurran kuma ranar da na faɗi motar asibiti ce ta ɗauke ni, ban san ko an rubuta ba, gobe da safe zan aika wa manaja imel in nemi kwafi. Akwai abokiyar aikina da ta ɗaga ni daga ƙasa, ita ta ga babu alamar, zan roƙe ta ta rubuta abin da ta gani tun ba ta manta ba.