Na biya kuɗin hostel amma gadon ya ɓace daga shafina

Assalamu alaikum. Ɗalibar aji ɗaya ce ni a wata jami'a nan Kebbi. Litinin aka buɗe rabon gado, na kama gadon sama a ɗaki na 14, aka ba ni awa 48 in biya. Na ciro lambar RRR (lambar biyan kuɗi ta Remita), na biya a banki Talata, rasidi na hannuna. Laraba na duba shafina na intanet na jami'a, babu ɗakin, wai ban biya ba. Na danna wurin tabbatar da biya sau uku, na gwada a shagon intanet (kafe), shiru. Ofishin kuɗi sun ce kuɗin ya shigo, amma rabon ɗaki ba huruminsu ba ne. Tsorona kada na'ura ta mayar da gadon cikin rabo, wata ta ɗauke.

Don Allah, wane ofishi ne ke haɗa RRR da gado?