Baba ya fara caca tun da aka ƙara masa maganin Parkinson

Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 63, kuma shekara huɗu ke nan yana fama da cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki. Da farko levodopa kaɗai yake sha. Wata bakwai da suka wuce likita ya ƙara masa pramipexole, rawar hannun ta ragu sosai, ƙafarsa ta saki.

Amma tun daga nan halinsa ya sauya. Mutumin da bai taɓa kusantar caca ba, yanzu sai ya raba dare yana cacar ƙwallo a waya. Fanshonsa ba ya kai mako. Ya sayo rediyo huɗu da takalman da ko sawa ba ya yi, da tsakar dare kuma sai ya tashi ya cinye abin da ya rage a tukunya. In Umma ta yi masa magana sai ya yi hawaye ya ce shi ma abin ya fi ƙarfinsa, washegari ya koma. Wannan hawayen ne ya fi ci mini rai.

Mun karɓe katin bankinsa, ya koma rance wajen maƙwabta. Limamin unguwa ya yi masa nasiha, ko kwana uku ba a yi ba ya koma. Sai yayana ya ɓoye pramipexole ɗin, saboda takardar cikin kwalin ta ambaci caca da yawan saye-saye. Cikin kwana biyu gumi ya rufe shi, ga firgita, ga rashin barci, jiki ya sandare. Dole muka mayar masa.

Ranar ganin likitan jijiyoyinsa sai nan da wata biyu. Don Allah, likitan asibitin da ke kusa da mu zai iya fara rage masa maganin a hankali, ko dole sai likitan da ya rubuta masa?