Me za mu kira "installation" da Hausa?

1/ Na dawo Bauchi daga wani baje kolin fasaha a Abuja, Hajiyarmu ta ce me na gano. Na buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa. Ɗaki ne guda, an rataye tsofaffin silifa da zaren kamun kifi, fitila ɗaya a ƙasa, inuwarsu na rawa a bango. Sai ka sunkuya ka ratsa ta tsakiyarsu. Har warin roba kake ji. Turawa na ce wa irin wannan "installation".

2/ Ba sassaƙa ba ce, don ba a fafe komai ba. Mutum-mutumi kuwa sunan irin su Anyanwu ne, aikin tagulla na mai sassaƙa Ben Enwonwu da ke gidan tarihi na Legas, abin da za ka zagaya ka kalla daga waje. Kada wanda ya ce gunki, Hajiya ta hana ni komawa.

3/ Wani abokina ya kawo "girke", tunda girka abu ake yi a wuri. Amma Bahaushe ya ji girke, tukunya zai hango, ko girkar bori. "Kafi" kuma ya tafi wajen layar da ake binnewa a gida.

4/ Ni dai na tsaya kan "fasahar jere". Ku tuna ɗakin amarya a da: kwanoni da tasoshi da fanteka an ɗora su hawa-hawa har kusa da rufi. Ba masu jeren suka ƙera ko kwano ɗaya ba, gwanintarsu tana wajen zaɓe da tsarawa. Mata su cika gida don ganin ɗaki, su shiga ciki, su yaba ko su taɓe baki. In an tashi ƙaura a kwashe, a sabon ɗaki jeren ya fito da wata kama.

5/ Haka aikin El Anatsui yake, ɗan Gana da ya daɗe yana koyar da fasaha a jami'ar Nsukka. Murafen kwalabe yake ɗinkewa da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton bargo, kuma duk inda aka rataye shi naɗin yakan sauya. A 2023 ya cika babban zauren gidan baje kolin fasaha na Tate Modern a Landan da su.

6/ Inda na cije: kabarin Tafawa Ɓalewa. Ka shiga ta duhu, ka bi matakala, ka fito haske, kowanne da ma'anarsa. Jikinka ke karanta shi, amma ba ya kwasuwa. Malaman Hausa, shi ma jere ne, ko gini ne kawai?