Wai da Hausa me za mu kira botin da muke ƙarawa a allon CNC?

Salam ƴan uwa masu injin sassaƙa na CNC, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Jiya ina nuna wa yaron shagona botin guda uku da na ƙara a gefen allon LinuxCNC, manhajar da ke tuƙa injin, sai ya ce Oga wannan da Hausa ya sunansa? Wallahi na buɗe baki na rasa ta cewa.

Bari in faɗi irin botin da nake nufi don kar a ruɗe. Ba wanda ya zo da inji ba, wanda kai ka ƙirƙira. A fayil ɗin saitin inji, wato INI, ƙarƙashin sashen HALUI ka rubuta MDI_COMMAND = G53 G0 Z0, ka zana botin a PyVCP, abin ƙara botin a gefen allo, sai ka ɗaura shi da halui.mdi-command-00 cikin fayil ɗin custom_postgui.hal, daga 00 ake fara ƙirga, na biyu 01, haka dai. Dannawa ɗaya kan inji ya ɗaga sama, ba sai ka tsaya buga rubutu da hannu duk ƙurar katako ba. Masu ɗaya manhajar, Mach3, su makro suke cewa.

Na fara da maɓalli tunda shi muke gani a waya da kwamfuta. Amma ni kunnena maɓallin riga yake jiyo min, daga ɓalla yake, kuma babu abin da ake ɓallawa a nan.

Wani kafinta da muke layi ɗaya ya ce makunni. A'a maigida, makunni in ka kunna zama yake a kunne sai ka dawo ka kashe, irin na fitila ko na injin zuƙar ƙura. Wannan kuwa ka danna ka saki, ya tafi ya yi aikinsa. Madanni ya fi dacewa, daga danna, ko yaro ya ji ya gane.

To amma madanni kawai bai isa ba, kibiyoyin da muke tura X da Y da su, wato hagu da dama, gaba da baya, ai su ma madannai ne, kana sakin yatsa inji ya tsaya. Namu fa saƙo ka damƙa masa tun farko. Nan ne tsohon da ya koya min aiki ya yi dariya ya ce ai wannan ɗan aike ne, ka ce masa je ka ɗaga bakin sassaƙa, ka koma farkon katako, ka kashe sifindul mai juya bakin, ya tafi ya yi su bi da bi ba gardama.

Kuma ɗan aike ne na gaske, har da halinsa, abin da ka faɗa shi zai yi ko da shirme ne. Na taɓa sa G0 X0 Y0, umarnin komawa farkon katako, kaɗai a botin, na manta ban ɗaga Z ba, wato hawa sama, bakin yana cikin katako, ya ja layi tun daga tsakiyar ƙofar mutane har kusurwa, ƙofa ɗaya ta tafi a banza, ranar ko abinci ban ci ba. Daga nan na koma rubuta ƙaramin fayil na ngc, wato na umarnin inji, mai matakai, Z ya fara tashi tukuna sannan X da Y, botin ya kira shi.

Don haka ni na tsaya a kan madannin aike, jam'i madannan aike, rubutun da ke bayansa kuma aike kawai a maimakon makro. Wani ya kawo ƙunshin umarni, ma'ana ta fito amma ya yi tsawo, cikin ƙarar inji wa zai tsaya faɗin haka?

Jan nan na tsayar da inji cikin gaggawa ku bar shi daban don Allah, shi ba aike ba ne, na hannu ne mai waya, kar wani ya dogara da na allo.

Yau na ji yaron yana ce wa ɗayan, madannin aike ya ƙi tafiya. Ashe bai yi homin ba, wato mayar da inji mafarinsa bayan an kunna shi. Shi ma homin ɗin ban samo masa suna ba tukuna, wa ke da shi?